Dogo, Gajere da Ƙaƙƙarfa: Abin da Koci Yake Aunawa Kafin Ya Fitar da 'Yan Wasa

A daren 2 ga watan Yulin 2018, a birnin Rostov na ƙasar Rasha, saura ƙiris Japan ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba a gasar Kofin Duniya. Ba a yi minti goma da dawowa daga hutun rabin lokaci ba ta zura wa Beljiyam ƙwallo biyu. Haraguchi ya ci ta farko, Inui ya ɗora ta biyu daga nesa. 'Yan Japan sun kwantar da ƙwallo a ƙasa, wannan ya taɓa ya miƙa wa wancan, ƙattin Beljiyam sai bin baya suke yi suna haki.

A minti na 65 kocin Beljiyam, Roberto Martinez, ya waiwaya benci. Ya cire Dries Mertens, ɗan tsurut mai tsawon mita 1.69, ya sako Marouane Fellaini, zanƙalele mai tulin gashi da ya kai mita 1.94. Ya kuma sako Nacer Chadli. Daga nan wasa ya bar ƙasa ya koma sama. Minti huɗu da canjin, Jan Vertonghen ya sa wa wata ƙwallo kai daga can gefe, ta yi sama ta tsallake gola ta faɗa raga. Bayan minti biyar Eden Hazard ya ɗago wata daga hagu, Fellaini ya tashi a tsakiyar 'yan baya, babu wanda ya iya binsa sama, ya doka ta da goshi. Biyu da biyu. A daƙiƙun ƙarshe Japan ta samu kwana, Honda ya bugo ta sama, Thibaut Courtois mai tsawon mita biyu ya miƙa hannu ya cafke ta kamar mai tsinkar mangwaro, ya gangara wa De Bruyne. Kafin 'yan Japan su komo gida Chadli ya ci ta uku.

Irin wannan wasa shi ke tayar da musu a gidajen kallon ƙwallo, daga Kano har Maraɗi. Wani zai ce ƙwallo ta koma ta ƙarti, duk ƙungiyar da ba ta da dogaye ta kama gabanta. Wani zai miƙe ya ce to Messi fa, Maradona fa? A rabu kowa yana ganin shi ya yi nasara. Dukkansu suna da gaskiya, sai dai ba wuri ɗaya suke kallo a fili ba. Tsawo yana da wuraren da yake mulki, kuma wuraren ba su da yawa: bakin raga da da'irori biyun da ke gabanta. A sauran faɗin filin, wasu abubuwa ne suke magana.

A fara da mai tsaron gida, don a nan ne babu musu sosai. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta kuma mita 2.44. Mutum ɗaya aka ce ya tsare wannan ƙofa, kuma ƙwallon da aka buga daga yadi goma sha takwas ba ta jiran kowa. Duk santimitar da ta ƙaru a hannun gola tana rage wa mai bugu wurin da zai saka. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin Turai suka kusa daina duba golan da bai kusanci mita 1.90 ba. Manuel Neuer yana da 1.93, Gianluigi Donnarumma 1.96, Courtois kuwa an riga an faɗa. Bayan miƙa hannu, akwai kuma fitowa cikin cunkoso a naushe ƙwallo ko a kama ta a saman kawunan mutane, aikin da gajere yake shan wuya a kai.

Duk da haka Najeriya tana da shaidar da ke hana a rufe maganar nan. Vincent Enyeama bai wuce mita 1.82 ba, amma ya tsare wa Super Eagles raga sau 101, ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, ya ɗauki na nahiyar da Najeriya a 2013. A ƙungiyar Lille ta Faransa ya yi wasa 11 a jere ba a ci shi ba. Abin da ya rasa a tsawo ya same shi a zafin nama da sanin inda zai tsaya. A Kofin Duniya na 2010 a Johannesburg ya hana Messi ci sau da dama, har aka ba shi kyautar gwarzon wasan. To da me Ajantina ta ci Najeriya a ranar? Kwana aka bugo a farkon wasa, Gabriel Heinze ya shigo a guje babu mai tsaronsa, ya sa kai. Ɗaya da nema, a haka aka tashi.

Kwana da bugun tazara su ne gonar dogo. Ƙwallo tana ajiye, kowa ya san inda za ta sauka, mutum goma sha biyar ko fiye sun cure a wuri ɗaya ana turereniya. A nan koci yake ƙidayar kawuna. Idan abokan hamayya suna da mutum biyar masu hatsari a sama, dole ya samu biyar da za su tsaya musu. Idan uku gare shi, to biyu za su tashi a kan yaran da ba su kai kafaɗarsu ba. Sau da yawa wannan lissafi ne yake sa a ajiye gwanin da 'yan kallo suke so a benci, a sako wani da ba ya burge kowa idan ƙwallo tana ƙafarsa. 'Yan kallo su yi ta zagin koci, alhali shi kwana yake tunani.

Gasar Rasha ta 2018 ta fito da abin fili. An ci ƙwallo 169, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 sun samo asali ne daga ƙwallon da aka ajiye aka buga, wato kwana da bugun tazara da fenareti. Ingila ta ci 12, tara daga ciki ta wannan hanya, har da wadda Harry Maguire ya sa wa kai a wasansu da Suwidin. Yerry Mina na Kolombiya, ɗan baya mai mita 1.95, ya ci uku duk da ka. Ɗaya daga ciki ita ce ta karya Senegal, wadda canjaras kawai take nema ta wuce zagaye na biyu. Najeriya ma ta ɗanɗana. A wasanta na farko da Kuroshiya a Kaliningrad, ƙwallon farko daga kwana ta fito: Mario Mandzukic ya sa kai, ta bugi Oghenekaro Etebo ta shiga. Ta biyun ma kwana ce sila, don William Troost-Ekong ya rungume Mandzukic yana hana shi tashi, alƙalin wasa ya nuna fenareti, Luka Modric ya ci. Wannan ita ce ɓarna ta biyu da dogo yake yi. Ko bai taɓa ƙwallon ba, tsoronsa yana sa a yi laifi.

Duk wanda ya bi tarihin wasannin ƙarshe zai ga sau nawa goshi ya raba gardama. Zinedine Zidane, wanda duniya ta sani da ƙafa, da ka ya ci Brazil biyu a 1998, dukkansu daga kwana. A 2012 a birnin Munich, Bayern ta buga kwana 20, Chelsea ta samu guda ɗaya tak a minti na 88, Didier Drogba ya tashi ya farke, kofin zakarun Turai ya tafi Landan bayan bugun fenareti. A 2014 a Lisbon, Atletico Madrid tana daf da ɗaga kofi Sergio Ramos ya sa kai a minti na 93. Sai na kusa da gida, wanda har yanzu yake yi wa 'yan Najeriya ciwo: wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, 11 ga Fabrairun 2024. Troost-Ekong ya fara ci da ka bayan kwana, Franck Kessie ya farke da ka daga kwana, kafin Sebastien Haller ya ƙarasa.

Sai dai akwai abin da ma'aunin tela ba ya nunawa. Tsawo daban, tashi sama daban. Carles Puyol mita 1.78 ne, amma shi ya kai Sifaniya wasan ƙarshe a 2010 da ƙwallon da ya ci Jamus da ka a Durban, alhali a bayan Jamus akwai Per Mertesacker mai mita 1.98. Puyol ya taho ne da gudu daga nesa, ya tashi daidai lokacin da ƙwallon Xavi take saukowa, su kuwa dogayen suna tsaye. Mai gudu kullum yana fin na tsaye tashi. Fabio Cannavaro da mita 1.76 ya jagoranci Italiya ta ɗauki Kofin Duniya a 2006 yana ɗan baya na tsakiya, ya kuma karɓi Ballon d'Or a shekarar. Messi kansa, a wasan ƙarshe na zakarun Turai a Rum a 2009, ya zame ta bayan Rio Ferdinand ya sa kai, ƙwallo ta tsallake Edwin van der Sar mai mita 1.97.

Idan kuwa tsawo da tsalle suka haɗu a mutum ɗaya, sai addu'a. A Disambar 2019 an auna kan Cristiano Ronaldo ya kai mita 2.56 daga ƙasa lokacin da ya ci Sampdoria, wato ya wuce sandar raga. A Qatar a 2022, an ruwaito cewa Youssef En-Nesyri ya kai mita 2.78 a ƙwallon da Maroko ta fitar da Portugal da ita, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Victor Osimhen na cikin wannan aji. Akwai 'yan baya da yawa da suka fi shi tsawo a Italiya, amma ya sha tashi ya bar su a ƙasa a kakar da ya ci 26, Napoli ta ɗauki gasar bayan shekara 33 tana jira.

Kwana shida bayan Kuroshiya ta doke Najeriya da ƙwallaye biyu da suka samo asali daga kwana, aka ga ɗaya fuskar al'amarin a Volgograd. Iceland tana cikin tawagogi mafi tsawo a gasar, kuma wanda ya wargaza ta shi ne Ahmed Musa, da kaɗan ya haura mita 1.70. Ta farko, Victor Moses ya bugo daga dama, Musa ya miƙa ƙafa ya sauke ta, kafin ta gama taɓa ƙasa ya sheƙa ta raga. Ta biyun ta fi nuna abin da ake magana a kai. Aka cillo masa doguwar ƙwallo ta hagu, ya tsere wa ɗan bayan da ke binsa, ya shigo ciki ya yanke gola ya kwantar da shi, ya tsaya ya zaɓi gefen da zai saka. Ɗan Jos ɗin da ya yi suna a Kano Pillars ya tashi da ƙwallo huɗu a Kofin Duniya, idan aka haɗa da biyun da ya ci Ajantina a 2014, kuma babu ɗan Najeriyar da ya kai shi.

Hausawa sun ce gajere ba yaro ba ne, kuma a ƙwallo akwai dalilin hakan a jiki. Nauyin gajere yana kusa da ƙasa, don haka ture shi yana da wuya, juyawa kuma ba ta ɗaukar masa lokaci. Takunsa gajeru ne, yana taɓa ƙwallo sau uku a inda dogo zai taɓa sau ɗaya, kuma kowane taɓi dama ce ta canza hanya. Duk mai kallon kokawar gargajiya ya san dalilin da ɗan kokawa yake durƙusawa ya buɗe ƙafa kafin a kama. Dogo idan ya miƙa ƙafa ya rasa ƙwallo, kafin ya tattaro jikinsa an wuce. Maradona mita 1.65 ne. Messi 1.70, kuma ko wannan bai samu ba sai da allurar ƙarin girma, wadda Barcelona ta ɗauki nauyinta bayan ya baro Rosario yana ɗan shekara 13. Xavi da Iniesta duk tsawonsu ɗaya da shi kusan, kuma da su Sifaniya ta ɗauki manyan kofuna uku a jere tsakanin 2008 da 2012.

Masu kafa hujja da Barcelona sukan manta da waɗanda suke tsaye a bayan waɗannan gajerun. Gerard Pique mita 1.94 ne, Sergio Busquets 1.89, kuma a wancan wasa na Rum Yaya Toure aka mayar ɗan baya. Gwanayen suna rawa a gaba ne saboda akwai masu tsare musu gida idan ƙwallo ta tashi. Haka nan masu kafa hujja da ƙarti ya kamata su tuna da Sabiya. A 2018 da 2022 tana sahun gaba a tsawon 'yan wasa, kuma duka biyun a rukuni ta tsaya. Ajantina da ta ɗauki kofin a Qatar tana cikin tawagogi mafi gajarta.

Ƙarfi kuma wani abu ne dabam, ko da yake a baki akan haɗa su. Dokar ƙwallo ta yarda a sa kafaɗa a ture kafaɗa idan ana neman ƙwallo, ta kuma yarda ɗan wasa ya kare ƙwallo da jikinsa. Wanda ya iya wannan yana saya wa abokansa lokaci. Drogba yakan juya wa raga baya, ya jingina da ɗan baya, ya sauke ƙwallo a ƙirji ya riƙe har 'yan tsakiya su iso. Najeriya ta 1994 tana da irin wannan a 'ya'yan Kaduna biyu: Rashidi Yekini, mai ƙwallo 37 da har yau ake ambato, da Daniel Amokachi, wanda ba dogo ba ne can amma faɗin ƙirjinsa da yadda yake kutsawa suka sa aka yi masa laƙabi da bijimi.

Amma ƙarfin da ya fi tsada a yau ba ya bayyana a riga. Ɗan tsakiya yana gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, ana kuma so ya tsinke da gudu, ya tsaya, ya sake tsinkewa, a minti na 85 kamar a minti na biyar. N'Golo Kante mita 1.68 ne, idan aka gan shi a hanya ba za a ce ɗan ƙwallo ba ne. Da wannan jiki ya ɗauki Firimiya da Leicester a 2016, ya sake ɗauka da Chelsea a 2017, ya ɗauki Kofin Duniya a 2018, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan ƙarshe na zakarun Turai a 2021. Ƙarfinsa yana cikin huhu da cinya da ƙugu. A ɗaya gefen akwai Adebayo Akinfenwa, wanda ya haura kilo 100 kuma aka daɗe ana kiransa ɗan ƙwallo mafi ƙarfi a duniya. Ya ci ƙwallaye da yawa a ƙananan gasannin Ingila, amma bai taɓa buga Firimiya ba.

Magoya bayan Arsenal, waɗanda ba su da kaɗan a ƙasar Hausa, sun ga wannan darasi daga farko har ƙarshe. Ƙungiyar da ta gama kakar 2003 zuwa 2004 ba a doke ta ba cike take da dogaye masu iya ƙwallo: Patrick Vieira, Sol Campbell, Thierry Henry, Gilberto Silva, da Nwankwo Kanu mai mita 1.97. Bayan Vieira ya tafi a 2005, Arsene Wenger ya karkata ga ƙananan gwanaye irin su Fabregas da Rosicky da Nasri da Arshavin. Wasa ya yi kyau a ido, amma kofi ya ƙaurace musu har 2014. Drogba shi kaɗai ya ci su 13 da rigar Chelsea. Sai kuma Stoke City ta Tony Pulis, wadda ta hau Firimiya a 2008 da ƙarti da wani makami da ba a saba gani ba: jifan Rory Delap. Yakan goge ƙwallo da tawul, ya ja da baya, ya wurgo ta a miƙe har bakin raga, kuma babu satar gida a jifa. A Nuwambar 2008 Stoke ta ci Arsenal biyu da ɗaya, duka biyun daga jifan Delap, ta biyun ma ɗan Najeriya Seyi Olofinjana ne ya tura ta ciki. Daga baya Stoke ta ɗauko Peter Crouch mai mita 2.01, wanda ya fi kowa cin ƙwallo da ka a tarihin Firimiya, guda 53. Duk da haka Stoke ba ta taɓa kusantar ɗaukar gasar ba. Ƙarfi ya zaunar da ita a tsakiyar teburi shekara da shekaru, bai wuce da ita nan ba.

Mikel Arteta, da ya zama kocin Arsenal, ya gyara abin da ya gani. Ya ɗauko Nicolas Jover a 2021, mutumin da aikinsa kawai tsara kwana da bugun tazara, ya kuma tara irin su Gabriel da Saliba da Rice da Havertz. Arsenal ɗin da ake tsorata da kwana ta koma ita ake tsoro. Pep Guardiola ma, uban wasan ƙasa, a kakar da Manchester City ta ɗauki kofi uku a 2023 yakan jera 'yan bayan tsakiya huɗu, ga Rodri a gabansu, ga Erling Haaland a can gaba yana cin 36 a Firimiya. Abin da suke nema yanzu shi ne dogon da ya iya ƙwallo kamar gajere, kuma irinsa ne kuɗinsa ya fi yawa a kasuwa.

Inda maganar tsawo take yin ɓarna ta gaske shi ne wajen yara. A tara 'yan shekara 13 a fili, za a ga wani ya fara gemu, wani kuwa muryarsa ba ta ma fashe ba. Kocin da yake son cin wasan ranar Asabar zai ɗauki babban, don shi zai ture kowa ya ci. Bayan shekara biyar sauran sun kamo shi a girma, sai a tarar bai koyi komai ba sai turi, ƙaramin da ya koyi dabara don dole kuma an riga an kore shi. An daɗe da lura a makarantun ƙwallo na Turai cewa yaran da aka haifa a farkon shekarar rajista sun fi yawa, don kawai sun girmi 'yan ajinsu da watanni. Sheffield Wednesday ta sallami Jamie Vardy yana ɗan shekara 16 saboda ƙanƙanta. Hajduk Split ta ƙi ɗaukar Modric, wanda ya zo ya karɓi Ballon d'Or a 2018. Ƙungiyoyin Faransa da dama sun mayar da Antoine Griezmann gida, sai Real Sociedad ta Sifaniya ce ta karɓe shi. Waɗannan su ne suka dawo. Waɗanda suka karaya suka bar ƙwallo babu mai jin sunansu.

A Afirka matsalar ta ɗauki wata kama, wato rage shekaru. Tunda girman jiki yana cin wasan yara, sai a sako babba a ce yaro ne. Daga 2009 FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, don a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana daf da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mai riƙe da kofin duniya tun a wasan share fage. A farkon 2023, 21 daga cikin 30 na Kamaru suka faɗi. Gwajin ba ya rasa kuskure, don akwai yaron da ƙashinsa yake saurin haɗewa. Amma kowane babba da aka saka a gurbin yaro, wani yaro na gaskiya ne aka tura gida.

Akwai kuma yadda ake kallon ɗan wasan Afirka a waje. Wani bincike da kamfanin RunRepeat ya fitar a 2020 tare da ƙungiyar 'yan wasan Ingila ya saurari sharhin wasanni 80, ya gano cewa masu sharhi sun fi ambaton ƙarfi da gudu idan baƙar fata ne, yabon basira kuma ya fi tafiya ga farare. Wannan kallo yana bin yaro har cikin fili. John Mikel Obi, wani ɗan Jos ɗin, lamba goma yake bugawa a gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005, kuma Messi kaɗai aka ɗora a kansa a gwarzon gasar. Da ya isa Chelsea sai aka ga dogo mai kafaɗa, aka mayar da shi mai tare gaban 'yan baya. Ya yi aikin da kyau, ya ɗauki kofuna har da na zakarun Turai, amma a fiye da shekara goma ƙwallo ɗaya ya ci a Firimiya. Waɗanda suka kalle shi a 2005 har yau suna jin an yi asarar wani abu.

Tsawon ma ba gado ne kaɗai yake kawo shi ba. Abin da yaro ya ci tun yana ciki har ya shekara biyu yana da hannu a inda zai tsaya, kuma tsumburewar yara saboda ƙarancin abinci mai gina jiki ta yi yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Mai horar da yara a Gusau ko Damagaram da ya ce dogo kawai yake so, zai zubar da mafi yawan abin da Allah ya kawo masa.

Beljiyam, wadda ta fitar da Japan da goshin Fellaini, ta daɗe da gane haka. Hukumar ƙwallonta tana da tawagogi na musamman na yaran da girmansu ya yi jinkiri, ana horar da su daban har jikinsu ya kamo na tsaransu. A Ingila ma wasu makarantu suna haɗa yara wasa bisa matakin girman jiki maimakon shekarar haihuwa. Shi kuwa Mertens, wanda aka cire a Rostov don a sako dogo, Anderlecht ta taɓa sallamarsa yana yaro a kan ya yi ƙanƙanta. Ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi ya tsallaka Holan, daga can ya wuce Napoli, inda ya ci 148, ya wuce Maradona da kowa a tarihin ƙungiyar. Ƙwallon farko da Beljiyam ta ci a gasar ta Rasha ma shi ya ci ta, a wasansu da Panama, lokacin da ta faɗo masa a gefen da'ira ya ɗauke ta tun ba ta taɓa ƙasa ba.